Ƙarfe A Cikin Baki: Me Ya Sa Wani Ke Tsatsa, Wani Ba Ya Yi?

Tun ina ƙarama na saba ganin haƙorin Makka a bakin kakata wadda ta haifi babana. Ta sa shi ne a hajjinta na fari, tun babana yana saurayi, yau fiye da shekara talatin ke nan, amma har yanzu in ta yi dariya sai ka ga yana walƙiya kamar jiya aka sa shi. Tana cin goro, tana shan kunun tsamiya da azumi, tana kurɓar shayi mai zafin gaske da sassafe, duk bai dame shi ba. Saboda haka ni a zatona duk haƙorin Makka haka yake, sai da abin ya faru ga gwaggona.

Gwaggo ta dawo daga aikin hajji shekara biyu da suka wuce da nata haƙorin, aka yi ta zuwa yi mata barka. Ba a rufa shekara ba sai hasken ya soma dushewa. Gefensa na wajen dasashi ya yi baƙi, dasashin ya kumbura, in ta yi aswaki sai jini. Ta ce kullum tana jin wani ɗanɗano a baki kamar wadda ta tsotsi mabuɗi. Matan unguwa suka ce ai baki ne, yawan yabon da aka yi wa haƙorin ne ya kama shi. To, lalle baki ne, amma ba irin wanda suke nufi ba.

A hutun da ya wuce ni aka sa na raka ta asibiti. Likitan haƙori ya duba, ya ciro abin, ya ɗora a kan auduga ya nuna mana. Ashe wata 'yar hula ce ta ƙarfe, sirirya kamar murfin kwalba, an kifa ta a kan haƙori. Cikinta ya yi baƙi da kore-kore, ga ƙananan ramuka sai ka ce gara ta ci. Ya ce, “Hajiya, wannan ba zinariya ba ce, ruwan zinariya ne aka shafa wa wani ƙarfe mai araha. Ruwan ya goge, yawu ya sami ƙarfen.” Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne haƙorin da ke ƙarƙashi. Lafiyayye ne lokacin da aka kankare shi don hular ta zauna, yanzu kuwa ya ruɓe har kusa da jijiya, domin hular ba ta zauna daidai ba, abinci yana shiga ta gefe, ba kuwa yadda aswaki zai kai wurin.

Na ce, “Likita, yawu kawai ne ya cinye ƙarfe haka?” Ya yi dariya ya ce in tambayi malaminmu na kimiyya in mun koma makaranta, ya kuma naɗe mini hular a takarda. Abin da na samo daga wurin Malam, da littattafan laburare, da ɗan gwajin da muka yi a ɗakin gwaje-gwaje, shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko sai mu san mece ce tsatsa. Ba a samun baƙin ƙarfe tsantsa a cikin ƙasa, sai dai tama, watau ƙarfe da ya haɗe da iskar oksijin ya zama dutse. Kakanninmu maƙera sai sun sha wahalar wuta da gawayi da zuga kafin su raba ƙarfen da oksijin ɗin. Malam ya ce tun daga ran da aka fitar da ƙarfe daga tama yake neman hanyar komawa gida. Da ya sami ruwa da iska sai ya soma sakin waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da ake kira ilektaron, shi kuma ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana sake haɗewa da oksijin. Jan garin nan da muke gani a jikin tsohuwar fartanya ɗan'uwan tama ne. Sauran ƙarafa ma suna da tasu irin lalacewar: jan ƙarfe yakan yi kore, azurfa takan yi baƙi. Gishiri da tsami da ɗumi kuwa duk suna ƙara wa aikin sauri.

In mun gane wannan, sai mu dubi baki. In da za a tambaye ni wurin da ya fi kowane muni a ajiye ƙarfe, sai in ce cikin bakin ɗan Adam. Ba ya bushewa dare da rana, gama mutum yakan fitar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kowace rana, a cikin yawun kuma akwai gishiri. Ɗuminsa digiri 37 ne, amma yanzu a kurɓi shayi mai digiri 60, an jima a tauna ƙanƙara, ƙarfe ya buɗe ya tsuke. Ga tauna: matauni na iya danna abu da nauyin da ya kai kilo 70, sau ɗaruruwa a cin abinci ɗaya.

Sa'an nan ga tsami. Masana suna auna tsami da wani ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7, kuma gwargwadon yadda lamba ta yi ƙasa, gwargwadon ƙarfin tsamin. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Yawun mai lafiya yana kusa da 7. Lemon kwalba baƙi yana wajen 2.5, watau ya fi yawu tsami sau dubu goma ko fiye. Lemon tsami da tsamiya da zoɓo duk suna can ƙasa. Ko ba mu sha abu mai tsami ba, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a dauɗar haƙori suna cin sukarin da muka sha su mai da shi asid. Cikin 'yan mintoci bayan an sha alewa ma'aunin yakan faɗo ƙasa da 5.5, inda farin ɓawon haƙori yake soma narkewa, sai bayan rabin sa'a ko sa'a guda yawu yake gyara al'amarin. Ɓawon nan kuwa shi ne abu mafi tauri a jikin mutum. Wurin da yake narkar da shi, ina ga ƙarfen banza?

Gwajin da muka yi mai sauƙi ne, kowa na iya yi a gida. Muka sami kwalabe shida da ƙusoshi sababbi, Malam ya auna nauyin kowace ƙusa ya rubuta. Ta fari muka sa a busasshiyar kwalba muka toshe. Ta biyu a ruwan famfo, ta uku a ruwan gishiri, ta huɗu a ruwan lemon tsami. Ta biyar muka naɗe ta da wayar jan ƙarfe, ta shida kuma da tutiya da muka yanko daga jikin tsohon batirin tocila, muka jefa su duka biyu a ruwan gishiri. Muka kuma tsoma cokalin shayi na silba a wani kofin ruwan gishirin.

Bayan mako guda busasshiyar tana nan yadda take. Ta ruwan famfo da ta ruwan gishiri sun yi ja. Wadda aka naɗe da jan ƙarfe ta fi kowace lalacewa, ruwanta ya yi kauri da tsatsa, alhali wayar ba abin da ya same ta. Wadda aka naɗe da tutiya kuwa ba ta yi tsatsa ba, tutiyar ce ta yi fari-fari tana zagwanyewa. Cokali ko a jikinsa. Ta lemon tsami ita ce ta ruɗe ni, domin ba ta yi ja ba, har na rubuta a littafina cewa tsami ba ya cin ƙarfe. Malam bai ce mini kome ba, sai ya ce in wanke ta in ɗora a sikeli. Nauyinta ya ragu. Ƙarfen ya narke cikin ruwan ne ba tare da ya bar alama ja ba. Na goge abin da na rubuta cikin kunya. Irin wannan lalacewar ta ɓoye ita ce ta fi damun likitoci, gama abin da ya narke daga ƙarfe a cikin baki ba ya zuwa ko'ina sai cikin dasashi da cikin ciki.

Kwalba ta biyar da ta shida suna da labari. A shekarar 1800 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faifan ƙarafa iri biyu, ya riƙa sa ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai ga lantarki yana gudana. Batir na farko ke nan. Ƙa'idar ita ce, duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna cikin ruwan gishiri, wanda ya fi saurin sakin ilektaron shi zai riƙa narkewa, ɗayan kuwa ya huta. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe gaggawa, shi ya sa ake shafa ta a kwanon rufi don ta lalace a madadinsa. Baƙin ƙarfe kuma ya fi jan ƙarfe gaggawa, shi ya sa ƙusarmu ta biyar ta sha wuya.

To, yawu ruwan gishiri ne. Ke nan mutumin da ke da ƙarfe iri biyu a baki yana yawo da ɗan ƙaramin batir. Wata 'yar ɗakin kwananmu da aka yi wa cikon haƙori da ƙarfe ta taɓa tauna takardar alminiyam ta cingam bisa kuskure, ta yi wani tsalle da ƙara har muka zaci kunama ce. Lantarkin kaɗan ne ƙwarai, amma jijiyar haƙori tana kusa, ba ta kuwa da haƙuri. Wannan ƙa'ida ita ce ta ci haƙorin Gwaggo. Muddin ruwan zinariyar yana rufe da ƙarfen duka, lafiya lau. Da tauna ta goge wuri ɗaya, sai zinariya da ƙarfen ƙasa suka zama batir, zinariya tana hutawa, ƙarfen yana narkewa ta wannan 'yar kafa. Shafen da aka yi don ado shi ya ƙara wa ɓarnar sauri.

Akwai kuma wata hanya da ban taɓa zato ba. Ko ƙarfe iri ɗaya ne, in wani sashe nasa yana samun iska, wani sashen kuma yana ɓoye a lungu ko ƙarƙashin dauɗa, sashen da ba ya samun iskar shi ne yake ramewa. Saboda haka ne cikin hular Gwaggo ya fi bayanta lalacewa, kuma saboda haka ne likita yake goge ciko har ya yi santsi kafin ya sallami mutum. Wuri mai kaushi yana riƙe dauɗa.

Yanzu sai mu zo ga abubuwan da suke jurewa. Zinariya ce sarauniyarsu. Ba ta son rabuwa da ilektaron ɗinta, shi ya sa ake samunta tsantsa a cikin ƙasa da yashin kogi, ba kamar baƙin ƙarfe ba. Tsamin abinci ba ya taɓa ta, sai wani haɗin asid biyu masu ƙarfi na ɗakin gwaji. Mutanen Etruska na tsohuwar Italiya sun ɗaure haƙora da zinariya fiye da shekara 2,500 da suka wuce, an tono su a kaburbura, zinariyar tana nan. Aibinta ɗaya, tsantsarta, mai karat 24, ta yi laushi ga tauna. Dole a gauraya ta da jan ƙarfe da azurfa don tauri, a ƙara filatinam ko faladiyam, waɗanda su ma ba sa tsatsa. Mai karat 18 kashi 75 cikin 100 zinariya ce. In aka cika ha'inci aka rage zinariyar ƙwarai, azurfa da jan ƙarfen da ke ciki sai su soma baƙi, musamman ga mai cin ƙwai da albasa, domin akwai sinadarin farar wuta a cikinsu, shi ne kuwa yake baƙanta azurfa. A 1907 wani likita a Shikago, William Taggart, ya yaɗa dabarar siffanta haƙori da kaki, a rufe shi da abin da wuta ba ta ci, a narkar da kakin, a zuba zinariya a gurbinsa, ta fito daidai da bakin mai ita. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, domin da wannan dabara ce maƙeran Ife da Binin suka zuba kawunan tagulla ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi.

Amma zinariya ba ta talaka ba ce. Abin da ya cike haƙoran yawancin mutanen duniya shi ne amalgam, watau garin azurfa da kuza da jan ƙarfe a kwaɓa da zaiba, ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Kusan rabinsa zaiba ce. Ana cusa shi a ramin haƙori yana da laushi, ya daskare ya yi tauri. An ambaci irinsa a wani littafin magunguna na ƙasar Sin tun shekarar 659. Ya shiga Amurka a 1833, likitoci suka yi ta rigima a kansa, har a 1845 wata ƙungiyarsu ta sa 'ya'yanta su yi alkawarin ba za su taɓa shi ba. Wajen 1895 G. V. Black ya auna ya fitar da gwargwadon da ya dace a haɗa. Duk da haka tsohon amalgam yana da rauni: sashen da kuza ta haɗe da zaiba shi ne yake saurin narkewa, gefen cikon ya riƙa gutsurewa. A 1963 waɗansu masana biyu a Kanada, Innes da Youdelis, suka ƙara yawan jan ƙarfe a ciki, kuzar ta koma ta kama jan ƙarfen maimakon zaiba, cikon ya ƙara ƙarko ƙwarai.

Wani abin mamaki game da amalgam shi ne 'yar tsatsar da yake yi tana da amfani. Tsakanin ciko da bangon haƙori akwai siririyar kafa da ido ba ya gani. Tsatsar takan taru a wurin ta toshe ta, ta hana bakteriya shiga. Ban san wani wurin da tsatsa take yi wa mutum aiki ba sai nan.

Zaiba dai guba ce, ba a musun wannan. Abin da ke fita daga ciko kaɗan ne, kuma shawarar likitoci ita ce kada mai lafiyayyen ciko ya je a fasa shi don tsoro, gama wajen fasawar ne zaiba ta fi fita, ga asarar haƙori. Amma ana guje wa sa shi ga masu juna biyu da ƙananan yara, kuma duniya tana barinsa sannu a hankali, galibi saboda zaibar da ke malala cikin ruwa da ƙasa. A 2013 ƙasashe, har da Nijeriya, suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa sunan wani gari a Japan inda zaibar wata masana'anta ta gurɓata kifi ta nakasa jama'a, aka gane cutar a 1956. Tarayyar Turai ta hana ciko da amalgam daga farkon 2025, sai inda likita ya ga babu makawa.

Cokalinmu na silba fa, me ya tsare shi? Ai ba azurfa ba ce, suna ne kawai. Baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam. A 1913 Harry Brearley na birnin Shefild a Ingila yana neman ƙarfen da zai jure a bututun bindiga, sai ya dace da wannan. In kuromiyam ya kai wajen kashi 11 cikin 100, yakan yi maza ya haɗe da oksijin ya yi wata fata a bayan ƙarfen, siririya har gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Fatar ba ta barin ruwa ya wuce, in kuma aka karce ta sai ta sake tsirowa nan take, muddin akwai iska. Watau shi wannan ƙarfe ba ƙin tsatsa ya yi kamar zinariya ba, ya yi 'yar kaɗan ne da wuri ya rufe kansa da ita. Da irinsa ake yin wayar daidaita haƙora da hular haƙoran yara, yawanci mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Da wannan dabara kuma haɗin kobalt da kuromiyam yake tsare kansa, wanda aka soma aiki da shi wajen 1932, ake yin ƙashin haƙoran roba da shi. Irin waɗannan ƙarafa sun ƙara samun kasuwa da zinariya ta yi tsada, daga dala 35 kowane oza kafin 1971 zuwa dala 850 a Janairun 1980.

Fatar nan tana da maƙiyi, shi ne sinadarin kulorin. Duk wanda yake da haƙoran roba masu ƙarfe a jiki kada ya jiƙa su a ruwan bilic na wanki don su yi fari, zai huda ƙarfen. Nikel kuma yana da tasa matsalar. Mu mata mun san yadda ɗan kunne mai araha yake sa kunnen wata ya yi ƙaiƙayi da ruwa, ni kaina haka nawa yake yi. Yawanci nikel ne yake narkewa cikin gumi, jiki ya ƙi shi. Wadda take da wannan ya kamata ta gaya wa likita kafin a sa mata kowane ƙarfe a baki.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na taitaniyam. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashi, ya dasa wata 'yar na'ura ta taitaniyam a ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa sai ta ƙi fita, ƙashi ya manne da ita kamar jikinsa ce. Wani da ya yi tsaki ya nemi wata na'urar. Shi sai ya tsaya yana tambayar dalili. Taitaniyam yana yin irin fatar nan ta oksijin, tasa ma ta fi ta kuromiyam ƙarfi, kusan ba abin da ke narkewa daga gare shi, saboda haka jiki ba ya ɗaukarsa baƙo. A 1965 Branemark ya dasa wa wani mutum ƙusoshi huɗu na taitaniyam a ƙashin muƙamuƙi, ya kafa haƙora a kansu. Mutumin ya ci abinci da su fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006 suna nan. Shi ma dai ba a rasa abin da ke iya masa ba: fuloraid mai yawa in ya haɗu da tsami yana cin fatar. Ba a nufin ɗan abin da ke cikin man goge baki na kullum, wanda yake tsare haƙori, ana nufin magunguna masu ƙarfi da likita kaɗai yake shafawa.

Waɗansu kuwa suka ce a bar ƙarfe ɗungum. A da masu kuɗin Turai suna sa haƙoran da aka sassaƙa daga haure ko haƙorin dorina, su kuwa suna shan yawu, su yi baƙi, su yi wari. A 1774 wani mai haɗa magunguna a Faransa, Alexis Duchateau, warin nasa ya ishe shi, ya nemi a gasa masa haƙora na tangaran. Tangaran ba ya tsatsa, dalili kuwa ƙarafan da ke cikinsa sun riga sun gama haɗewa da oksijin, kamar toka ce da ba ta sake kama wuta. Aibinsa shi ne fashewa, amma yanzu akwai wani irinsa mai tauri ƙwarai da ake kira zakoniya. Akwai kuma farin ciko na roba da garin gilashi, wanda Rafael Bowen na Amurka ya kafa tushensa wajen 1962. Shi ba ya tsatsa, amma yana ɗan shan ruwa, yana tsukewa wajen daskarewa, goro da shayi kuma suna rina shi. Kowanne dai da inda yake gazawa, likita ne yake duba ramin da aljihun mai shi ya zaɓa.

Kafin a yarda a sa wani ƙarfe a bakin mutane ana gwada shi. Hukumar daidaita ma'aunin kaya ta duniya, ISO, ta tsara a tsoma ƙarfen cikin ruwan gishiri da asid irin na nono mai tsami, wanda shi ne kuma bakteriyar baki suke yi, a kan pH 2.3 da ɗumin digiri 37, har kwana 7. Sa'an nan a auna abin da ya narke cikin ruwan. Bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin 5,000 na giram ba daga kowane murabba'in santimita. Da na ga wannan sai na ce ashe kwalabenmu ba wasan yara ba ne, sikelinmu ne dai bai kai nasu ba. Ƙarfen da ake sa wa mutum a shago cikin minti goma, wa ya gwada shi?

Ni ba na cewa a daina sa haƙorin Makka, ba ni da wannan bakin a gaban iyayena, ga na kakata kuma shaida ne cewa na kirki yana daɗewa. Amma a ganina kankare lafiyayyen haƙori don ado asara ce, domin ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa kamar farce. Wanda ya ga lalle sai ya sa, to ya je wurin likitan haƙori na gaske, ya tambayi kowane irin ƙarfe ne da karat nawa, ya faɗi in yana da wani ƙarfen a baki, ya kuma tabbata bakin hular ya zauna daram a gindin haƙori. In kuɗin ya yi araha ƙwarai, a tuna araha ba ta ado. Bayan an sa, a riƙa goge gindin safe da dare, kuma da an ji ɗanɗanon ƙarfe ko an ga dasashi ya yi baƙi a koma asibiti, kada a tsaya neman wanda ya yi baki.

Gwaggo sai da ta koma asibiti sau uku kafin a ceto haƙorin, aka kifa masa farar hula ta tangaran. Ciwo ya tafi, amma tana ƙorafi wai yanzu in ta yi dariya ba mai sanin ta je Makka. Kakata kuwa da na ce ita ma ta zo a duba nata, sai ta ce, “Ke kishiya, baƙin ciki kike yi da haƙorina, so kike a cire mijinmu ya daina kallona.” Har yanzu ban shawo kanta ba, na bar wa Baba.

Hular Gwaggo tana ɗakin gwaje-gwaje. Malam ya sa ta a kwalba ta bakwai cikin ruwan gishiri da lemon tsami, ya rubuta nauyinta da kwanan wata a jiki. Yau mako uku ke nan, ruwan ya soma yin kore. Duk mai son gani ta zo ranar Laraba bayan la'asar, lokacin ƙungiyar kimiyya, za mu sake ɗora ta a sikeli.